Kafin Ki Ɗaura Takalman Birkin Nan

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Asma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki zuciyarki ta huce, Ya kai ki Riyad lafiya, Ya sa aikin asibitin da kika samu ya zame miki alheri, Ya tsare ki a gidan Gwaggonki Rabi da duk inda ƙafarki ko tayar motarki za ta taka.

Ma'u, gida ɗaya muke kwana, amma ga shi ina rubuto miki kamar wadda ke wata ƙasa. Kin san dalili. Tun ranar da kika kawo mini kwalin nan warsha, inda nake gyaran motoci, kika ce in ɗaura miki abin da ke ciki, na ce ba zan ɗaura ba, kika ɗaga murya na ɗaga tawa, ba mu sake zama mun gama magana ba. Zuciyarmu iri ɗaya ce, ni da ke. Ga tafiyarki ta matso. Na san Larabci ya fi miki sauƙin karantawa, amma in na rubuta da shi zan yi miki magana kamar mai kawo gyara, ba kamar 'yata ba. Ki daure ki bi a hankali.

A warsha nake, motarki na gabana. Na zauna na tashi ban san sau nawa ba. In na rubuta layi biyu sai in je in zagaya ta, in taɓa taya, in dawo. Shayin da aka kawo mini ya huce a inda yake.

Bari in maimaita abin da kika faɗa, don ki san na ji. Kin ce a bayan garin Riyad akwai halba, filin da aka killace don gudun mota, kuma tun da aka ba mata izinin tuƙi wasu ƙawayenki suna zuwa can ranar hutu, akwai malami mai koya musu. Kin ce ke ma za ki. Shi ya sa kika sayi takalman birki, fahmat ɗin nan kamar yadda muke ce musu a nan, irin na motocin tsere. Wanda ya sayar miki ya ce babu waɗanda suka fi su ƙarfi, kuma abin da ya tsayar da motar tsere ai tsayar da taki a titi wasa ne a wurinsa. Ban ga laifinki da kika yarda ba. Ni ma na taɓa yarda da wannan magana, ina da gemu, ina da warsha tawa ta kaina.

Amma ba daga nan zan fara ba.

Kafin a haife ki tasi nake ja tsakanin Makka da Ɗa'if. Wata rana cikin zafi na ɗauko wani magidanci da matarsa da tsohuwarsa da yaransu, sun gama shan iska za su sauko gida. But cike da rumman da inabi, mota ta yi nauyi. Takalman birkin da ke jikinta a wurin 'yan tsofaffin kayan mota na saye su, ko suna babu a jikinsu. A lokacin ina ganin birki birki ne, in dai an taka mota ta tsaya.

Kin san gangaren Hada, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Tsohuwar nan tun daga sama take cewa, "Shwayya shwayya, ya waladi." Wato in bi a hankali. Don in kwantar mata da hankali sai na ɗora ƙafa a kan birki, ban ɗauke ba. Muka yi ta sauka a haka. Can wani wari ya fara shigowa.

Maigidan ya ce, "Direba, wani abu na ƙonewa."

Na ce, "Babbar motar da ke gabanmu ce."

A kwana ta gaba na taka. Birkin na nan da taurinsa a ƙarƙashin ƙafata, amma motar ba ta san na taka ba. Na danna da duk ƙarfina har na tashi daga kujera. Abin da Allah Ya sa na tuna shi ne giya. Na mayar da ita ƙasa, injin ya yi ta kururuwa, na karkata sitiyari na goga gefen motar da katangar dutse, muka yi ta gogawa har ta tsaya a wani ɗan fili inda birai ke zama. Hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba. Mutumin nan bai zage ni ba. Ya fitar da tsohuwarsa a hankali, ya fitar da yaran ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya a bakin hanya suna jiran wata mota. Ko kallona bai sake yi ba. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Na ba ki wannan labari ne don ki san a wuri ɗaya kina da gaskiya. Takalmin birki na yau da kullum yana da iyakar zafin da zai ɗauka. In aka wuce iyakar sai ya daina kama faifan ƙarfen da ke cikin taya, ko da kin hau kansa kin tsaya. A halba kuwa haka ake yi wa birki: gudu, taka da ƙarfi, gudu, taka da ƙarfi, babu hutu. Saboda haka tunaninki na cewa wurin yana bukatar shiri na dabam daidai ne. Kuma duk ranar da za ki zo gida ki biyo ta Hada, ki sa ƙaramar giya tun daga sama, injin ya riƙe motar. Ki taka ki saki, ki taka ki saki. In kin ji wari, ki nemi fili ki tsaya, kada ki ce na motar gaba ne.

Wancan tsoron bai bar ni ba, kuma shi ya kai ni ga kuskure na biyu.

Bayan na buɗe warshar nan a unguwar Hindawiyya, nan Makka, akwai wani mai kawo mini gyara da ke kai motarsa tsere ƙasashen maƙwabta. Ya bar mini takalman birkin tsere da bai gama cinye su ba, sun kuma dace da motar gidanmu. Na ce to, daga yau ni da mutuwar birki mun rabu. Na ɗaura su da hannuna ina jin daɗi.

Tun makon farko suka fara ba ni labarin kansu, na ƙi ji. In na taka sai su yi wani ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Ummanku ta ce, "Malam, maƙwabta suna sanin mun dawo tun ba mu shigo layi ba." Baƙar ƙura ta rufe tayoyin. Da na duba faifan na ga sun fara cinsa, sun yi masa zane. Duk na ce alamar ƙarfi ce.

Wata safiya cikin sanyi na fito daga gida, na bi ta Misfala zan karɓo kaya. Ban yi nisa ba, ban kuma taka birki da ƙarfi ko sau ɗaya ba tun da na tayar da motar. Kin san Misfala, mutane a ƙafa ta ko'ina. Ba gudu nake ba, Allah Shi ne shaida. Wani dattijo sanye da harami ya fito daga bayan wata bas. Na gan shi da wuri, na taka da wuri. Motar ta ci gaba da tafiya kamar an shafa wa faifan sabulu, sannan ta kama. Abin da ta ƙara bai fi tsawon hannu biyu ba. A cikin wannan ɗan tsawon ƙafarsa take.

Sunansa Malam Haruna, mutumin Damagaram, daren jiyan ya sauka, bai ko yi ɗawafin umara ba. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye. A asibiti, da ya ji ina Hausa, ya ce in matso.

Ya ce, "Ɗana, na ga fuskarka ta gilashi. Ka taka. Motarka ce ba ta ji ba."

Ya gaya wa 'yan sandan hanya ya yafe. Da aka sallame shi ni na tura shi a keke ya yi ɗawafi, ya yi Safa da Marwa. Muna cikin zagayen ya ce, ba da faɗa ba, kamar da kansa yake magana, "Tun ina saurayi nake tattalin ƙafafun nan don wurin nan." Na ci gaba da turawa.

Ranar da muka yi gardama na ce miki irin waɗannan takalman ba sa kamawa in suna da sanyi, kika ce, "Baba, a Makka ina aka ga sanyi?" Na fusata ban ba ki amsa ba. Ga amsar. Zafin ranar da ke ƙona miki hannu a kan sitiyari ba komai ba ne a wurinsu. An yi su ne su fara aiki sosai a zafin da ya fi na tandun mai burodi, zafin da sai an yi ta gudu ana takawa da ƙarfi ake samunsa. A titi ba za su same shi ba. Daga gidan Gwaggonki zuwa asibiti, daga danja zuwa danja, kullum a sanyinsu za su kasance. A cikin gari kuwa takun farko shi ne wanda ke ceton rai, takun da ba ki shirya masa ba: yaro ya biyo ƙwallo, mai mota ya buɗe ƙofa, na gabanki ya tsaya yana duba waya. Takalmin titi an yi shi ne don wannan takun. Ba wai ya fi na tsere rauni ba ne. Aikinsu ne ba ɗaya ba.

Kuma kada ki bari mai kanti ya ruɗe ki da kalmar ƙarfi. Takalmin birki taya yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. In tayarki ta suɗe, ko kin ɗaura na jirgin sama ba za ki tsaya inda kike so ba.

Na tashi yanzu na je na sake duba iskar tayoyinki, alhali na duba ɗazu. Wani ya kawo mota na ce ya dawo gobe. Abin da ya rage in rubuta shi ne wanda nake ta kewayewa.

Kina yarinya lokacin da abin ya faru da yayanki Bashir. Kin san hatsarin, kin ga hannunsa. Abin da ya gabaci hatsarin ne nake so ki ji daga bakina.

Bashir a warshar nan ya tashi. Bai kai tsawon teburin nan ba ya san sifana da lambarta. Da ya zama saurayi sai son gudu ya kama shi, kamar yadda ya kama ki, kamar yadda ya taɓa kama ni. Na ji labarin yana bin samarin nan masu tafhiɗ, masu juya mota a kan titi jama'a na kallo. Ban zaunar da shi ba. Ban tambaye shi me yake ji in yana gudu ba. Na ƙwace makulli, na ce kada in sake ganin ƙafarsa a warsha tunda abin da ya koya a nan yake kaiwa can.

Ya ce, "Baba, ko duba mana mota ba za ka yi ba?"

Na ce, "Wanda ya duba muku ya yarda da abin da kuke yi."

Na ɗauka na rufe maganar. Ashe ƙofar warsha kawai na rufe. Ya ci gaba da zuwa, a motar abokinsa, motar da babu wanda ya taɓa buɗe mata murfin man birki. Wata la'asar a tsohuwar hanyar Jidda suka yi ta gudu suna takawa har man ya tafasa. Man birki in ya tsufa yana shan ruwa daga iska, in ya yi zafi sai ya zama tururi, tururi kuwa ba ya tura komai. Ya taka, birkin ya tafi ƙasa kamar ya taka soso. Sauran kin sani. Da aka jawo motar na buɗe murfin da kaina. Man baƙi ƙirin kamar tsohon shayi. Kallo ɗaya zan yi masa in ce kada a hau motar nan. Da ya kawo mini da na gani. Bai kawo ba don ni na ce kada ya kawo.

Har yau yatsun hannunsa na hagu ba sa rufewa. Ya kama aikin otal kusa da Harami, yana gaishe ni da ladabi, yana cin abinci tare da ni, amma shekara da shekaru bai ƙara taka ƙofar warshar nan ba, bai ƙara yi mini maganar mota ba.

Ranar da kika fita kika bar mini kwalin, na koma gida ina ta faɗa ni kaɗai. Ummanku tana tankaɗen gari, ba ta ɗago ba. Da na gaji ta ce, "Malam, so kake ka maimaita?" Iyakar abin da ta ce ke nan.

Saboda haka ba zan hana ki halba ba. Raina ba ya so, ba zan ɓoye miki ba. Duk ranar hutu zan kasance ina kallon waya. Amma wurin da aka killace, da malami, da hular kwano, da motar asibiti a gefe, ya fi mini titin da babu wanda ya san kina can. Abin da nake roƙo ki ji waɗannan, ki riƙe su.

Akwai takalman birki na tsaka-tsaki, waɗanda ke kamawa tun suna da sanyi, suna kuma jure zafi fiye da na yau da kullum. Su aka ɗaura miki. Ga mai koyo sun isa, har su yi yawa, domin a watannin farko ƙafarki ba za ta kai su iyakarsu ba. Na kwalin ki ajiye su. Ranar da malaminki ya ce waɗannan sun fara gaza ki, ba ranar da ƙawarki ta ce ba, sai a ɗaura miki su a can, a kuma cire su kafin ki hau titi. In kin ji ƙiwar cirewa, to kada ki ɗaura. Na san yadda abin yake, mutum ya gaji, ya ce gida kawai zan je, gobe na canza. Ni ma kaya kawai zan karɓo a Misfala.

An zuba miki sabon man birki mai jure zafi. Kafin duk zuwa halba ki sa a duba shi, in ya fara duhu a canza. Ki koyi bambanta abu biyu da ƙafarki: in birkin na da tauri amma mota ba ta tsayawa, takalman ne suka yi zafi, in ya yi laushi yana tafiya ƙasa, man ne. Kowanne kika ji ki fita daga filin a wannan zagayen, kada ki ce bari in ƙara ɗaya. In kin gama gudu ki yi zagaye a hankali iska ta shiga tayoyin. Da kin tsaya kada ki ja birkin hannu, kada ki bar ƙafa a kan birki, takalmi mai zafi yana manne wa faifai ya bar masa tabo, daga nan sitiyari ya fara rawa. Ki durƙusa ki leƙa kaurinsu da idonki, kada ki ji kunyar ɓata abaya. Kuma in za ki sayi wasu, ki saya a inda za ki iya komawa ki yi magana, don jabu sun cika kasuwa, kwalinsu ma ya fi na gaske kyau.

Akwai birkin da ba a ɗaurawa da sifana. In kin fito daga halba, ƙafarki za ta raina gudun titi, za ki ga kowa kamar a tsaye yake. Ki zauna ki sha ruwa, ki yi salla in lokaci ya yi, sai jikinki ya sauka sannan ki kama hanya.

Kin ga na ce "aka ɗaura", "an zuba". Ba ni na yi ba. Yau da hantsi ina tsaye ina kallon motarki, na ji sallama a bayana. Bashir ne, da kayan aikinsa na otal a jikinsa. Ummanku ta gaya masa komai. Bai yi dogon bayani ba, ya naɗe hannun riga ya ce, "Baba, ina jak?" Yana nan inda ya san shi. Shi ya kwance, shi ya ɗaura, da hannun dama, ni ina riƙe masa abin da hagun ta kasa. Da muka zo canza man birki shi ya zauna a ciki yana takawa, ni ina ƙasa ina ce masa taka, riƙe, saki. Bai manta komai ba. Da ya gama ya goge hannu ya ce ya ɗauki hutu, shi zai raka ki Riyad, kuma yana so ya zauna a gefen filin ranar da za ki fara shiga. Bai nemi izinina ba. Na shiga ciki kamar ina neman wani abu, na daɗe ban fito ba.

Sabbin takalma sai an saba musu da faifai kafin a yi doguwar tafiya: a ɗan yi gudu, a taka, a saki kafin mota ta tsaya cak, a maimaita, sannan a bar su su huce. Bashir ya ce gobe bayan la'asar mu fita bayan gari inda babu mutane, ke za ki tuƙa, shi a gefenki. Ni a baya zan zauna. Ban yi alkawarin zan yi shiru ba, amma zan gwada.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya tsare mutane daga motarki, Ya tsare ki daga tasu. Ya sa duk inda kika taka ta tsaya, duk inda kika nufa ki isa, ki kuma dawo mana da ƙafafunki. Na yafe miki ɗaga muryar da kika yi, ke ma ki yafe mini tawa. Ki gai da Gwaggonki, ki kira Ummanku da kin sauka, kafin ki kira kowa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.